Ruwan sama ya ragu, ambaliya ta ƙaru: wa ya taɓa kogin?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Rafin da na sani tun ina yaro, in aka kwana ana ruwa, sai wajen hantsi yake fara cika, a hankali, kuma in ka tsaya a bakin gaɓa kana ganin ƙafarka cikin ruwan. Bayan ɗaukewar damina yakan yi wata uku ko huɗu yana silalowa. Yanzu kuwa kafin hadari ya gama wucewa ya riga ya tumbatsa, jajawur, ya ci gaɓa, ya kwashe abin da zai kwasa, bayan kwana biyu sai yashi. Kowa ka tambaya sai ya ce sauyin yanayi ne. To in ruwan sama raguwa ya yi, daga ina wannan ambaliyar take fitowa? In kuma ƙaruwa ya yi, me ya sa rafin yake ƙafewa da wuri? Masu ilmi ku warware mini.

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam Baba. Ai ka ba kanka amsa, sauyin yanayi ne, babu wani ɓoye-ɓoye. Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, iska tana iya ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100. Ta tsotse daga ƙasa da yawa, in ta tashi saki kuma ta sake shi gaba ɗaya. Ga fari ga ambaliya, uwa ɗaya uba ɗaya. Duba Manaus a Birazil, inda ake auna kogin Negro tun 1902. A watan Yunin 2021 ya kai mita 30, bai taɓa cika haka ba. A Oktoban 2023 ya sauka zuwa mita 12.7, bai taɓa yin ƙasa haka ba, a 2024 ya ƙara yin ƙasa. A Jamus ma, a bazarar 2022, jiragen dakon kaya sai da suka rage lodi don kogin Rayin ya janye. Su ma gatari ne ya yi musu?

Malamin Daji: Ɗan'uwa, duk duniya ka rasa misalin da za ka kawo sai dajin Amazon, inda ake sara ba dare ba rana? Ka miƙo mini sandar dukanka da hannunka. Baba, ni dai abin da aikina ya nuna mini shi ne daji soso ne. Ganye ya tare ɗigon ruwa, busasshen ganye a ƙasa ya riƙe shi, saiwa ta buɗe masa hanya ya nutse, sannan ya riƙa tsattsafowa cikin rafi har rani. Ka sare dajin, ka jefar da soson. Ƙasar Sin ta ga haka a ambaliyar kogin Yangze ta 1998, wadda ta ci dubban rayuka. Nan take suka hana sare daji a saman kogin, a 1999 kuma suka fara biyan manoma su daina noma gangaren tsaunuka su mayar da su daji. A dasa bishiya, ruwa zai dawo.

Injiniyan Ruwa: Malam, ka yi haƙuri, zan taka maka wutsiya kaɗan. Maganarka ta ƙarshe ba haka take kai tsaye ba. Bishiya mashayiya ce. An gwada abin nan ba sau ɗaya ba: a sami ƙoramu biyu maƙwabta, a yi shekaru ana auna su, sannan a sare dajin ɗaya a bar ɗaya. A Hubbard Brook ta Amurka sun sare nasu a hunturun 1965 zuwa 1966, suka hana komai tsirowa har shekara uku. Ruwan ƙoramar ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 a shekarar farko. Ƙaruwa fa, ba raguwa ba. A 1982 wasu masana biyu, Bosch da Hewlett, suka tattara sakamakon irin wannan gwaji guda 94, kusan duk bakinsu ɗaya: ka rage daji, jimillar ruwan da ke bin kogi a shekara ta ƙaru, ka ƙara daji ta ragu.

Na Afirka ta Kudu ya fi ban mamaki. A Mokobulaan an shuka bishiyar turare a wurin da a da ciyawa ce. Cikin shekara tara ƙoramar ta ƙafe ƙaf. Da aka sare bishiyoyin ma ba ta dawo ba sai bayan shekara biyar, don sun shanye na ƙarƙashi, sai da ramin ya sake cika. Shi ya sa dokar ruwansu ta 1998 ta sa gandun katako cikin ayyukan da ke rage ruwan kogi, sai da lasisi ake kafa shi.

Malamin Daji: To Injiniya, mu ajiye aiki ke nan, mu ce wa masu gawayi sannunku da ƙoƙari? Wallahi irin wannan maganar in ta fita waje ɓarna za ta yi.

Injiniyan Ruwa: Ban ce haka ba, ranka ya daɗe. Na ce dai kada mu yi wa mutane alkawarin da bishiya ba ta ɗauka ba.

Malama Ummu Sadik: Ku tsaya, ina ga ba abu ɗaya kuke aunawa ba. Injiniya yana maganar yawan ruwan da ya wuce a shekara, Malam yana maganar lokacin da ya wuce. Baba kuma tambayarsa ta lokaci ce. Wanda aka ba albashin shekara a rana ɗaya da wanda ake ba wata-wata, ko da na farkon ya fi yawa, ba zamansu ɗaya ba.

Gwaje-gwajen da Injiniya ya ambata, yawancinsu an sare itace ne aka bar ƙasar da lafiyarta. Abin da ke faruwa a gonaki da makiyaya daban ne. Bayan sara sai noma shekara da shekaru ba a barin saura, sai kofaton dabba, sai a kwashe kara da ciyawa tas. Ɗigon ruwan sama yana dukan ƙasar tsirara, ya farfasa ta, ƙananan ƙwayoyin laka su toshe ƙofofinta, rana ta gasa. Sai ta yi ɓawo a sama, kaurinsa bai fi na farce ba, amma ya isa ya hana ruwa shiga.

Na taɓa fita da ɗalibaina bayan wani ruwa mai ƙarfi. Muka sami faƙo, ruwa ya gama gudu a kansa, yana ta ƙyalli. Na ce wa wani yaro ya kafta da fartanya. Ko gaɓar yatsa biyu bai yi ba sai ga ƙura, busasshiya kamar ba a yi ruwa ba. Taku ashirin daga nan, ƙarƙashin wani kurmi inda ganye ya taru gara ta huda ƙasa, ya tura hannu har wuyan hannu yana jin danshi. Hadari ɗaya ne ya zuba musu. Na farkon ya aika nasa rafi cikin minti talatin tare da jar ƙasa, na biyun ya adana nasa. Baba, jan da kake gani a ruwan, gonar wani ce take tafiya.

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri Malama. Wannan na gane shi sarai, don na sha ganin faƙon nan. Amma ashe har ya isa ya sa ambaliya ko da ruwan sama ya ragu?

Malama Ummu Sadik: Ya isa, Baba, an kuma auna. A farin shekarun 1970 da 1980 ruwan sama a yankin Sahel ya ragu sosai, har a watan Yunin 1985 kogin Neja ya daina gudu a Yamai. Amma masu awo suka tarar da abin da ba su zata ba: wasu ƙananan koguna na yankin, irin su Nakambe a Burkina Faso, ruwansu ƙaruwa yake yi alhali na sama yana raguwa.  Dalilin shi ne ɓawon nan. Fari ya kashe ciyayi, mutane suka faɗaɗa gonaki, ƙasa ta daina sha. A kudu kuwa, inda ƙasa ke da zurfi da ciyayi, kogin Bani na Mali ya rasa fiye da rabin ruwansa, don shi da na ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa, na ƙarƙashin kuma ya janye. Fari ɗaya, amsa biyu.

A Yamai abin a ido ake ganinsa, don cika biyu kogin yake yi a shekara. Akwai baƙin ruwa, mai tasowa daga tsaunukan Gini, ya ɓata watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali, ya iso wajen Janairu lakarsa ta kwanta. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ƙananan kogunan Goruwal da Dargol da Sirba ke kawowa daga kusa. A da baƙin ne babba. Yanzu jan ne ke shiga gidaje, kamar yadda aka gani a 2012 da 2020.

Sarkin Gardama: Malama, ina girmama ki, amma ba zan bari ki tafi da wannan ba. Tarihin farin naki ya tsaya a 1985. Wani bincike da aka buga a 2017, da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma sun danganta abin da ƙarin zafin Sahara. Wannan ba fartanya ba ce. Ga kuma tafkin Cadi. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, a shekarun 1980 ya koma ƙasa da 2,000. Kusan duk ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, su kuma ruwan sama ne ya gaza musu. Kowa ya ce mini noman rani ne ya shanye wannan tafkin a lokacin, sai mu kwana a nan.

Malama Ummu Sadik: Na karɓa, ƙanena, duka biyun. Tun daga shekarun 1990 abin ya zama biyu: ruwa mai duka, kan ƙasa marar sha. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sauyin yanayi a yi shiru, kamar an rufe littafi. Kalmar ta zama bargo, kowa ya lulluɓe laifinsa da ita.

Maman Walida: Ni ban yi karatun nan naku ba, amma ku ba ni dama. Layin da nake zaune, da muka zo filaye ne a bayanmu, akwai wani kududdufi da ruwan unguwa ke taruwa. An cike shi an yi gini. Kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti, ni ma na shafe, ba zan yi ƙarya ba, don na gaji da taɓo. Yanzu in aka yi ruwan rabin awa, sai ka ji bututun kowane gida yana amai a titi, kwata ta cika ta dawo mana. Rannan ina tsaye ina kallon takalman yara suna iyo suna fita ƙofa. Shin wannan ma yana kaiwa ga kogi, ko namu ne mu kaɗai?

Injiniyan Ruwa: Yana kaiwa, Hajiya, da gudu ma. Kwano da kwalta da siminti su ne faƙon da ya fi kowane faƙo. A fili mai ciyayi, kaɗan ne daga ruwan sama ke gudu a saman ƙasa, a tsakiyar birni kuwa fiye da rabi yana iya gudu. Mu kuma injiniyoyi muka ƙara da namu: muka miƙe magudana muka shafe ta sumul don ruwa ya bar unguwa da wuri. Ya bar taku, ya haɗu da na sauran unguwanni a lokaci guda, ya sauka kan na ƙasa da ku. Kududdufin da aka cike aikin jinkirtawa yake yi, kyauta. Kuma duk ruwan da ya gudu a sama, rijiya ce ta rasa shi.

Mai Jakar Tafiya: Ina ta karatu tun ɗazu, ba wanda ya ambaci babban ɓarawo: mu da kanmu, da famfo da madatsa. Tekun Aral na tsakiyar Asiya a 1960 murabba'in kilomita 68,000 ne, na huɗu a tafkunan duniya. Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke ciyar da shi, Amu Darya da Sir Darya, zuwa gonakin auduga. Yau a Moinak, garin da a da yake bakin tekun, jiragen kamun kifi suna zaune kan yashi sun yi tsatsa, ruwan ya yi musu nisan kilomita da yawa. Ba fari, ba gatari. Rawayan Kogi na Sin a 1997 ya yi kwana 226 bai kai teku ba. Kogin Kolorado na Amurka ma da wuya ya ga teku yanzu, an rabe shi tun a hanya.

Sarkin Gardama: Madalla da ka kawo Kolorado. Daga 2000 zuwa 2014 ruwansa ya yi ƙasa da matsakaicin ƙarnin da ya wuce da kusan kashi 19 cikin 100, kuma masu bincike sun ce wajen sulusin wannan ragin zafi ne kawai ya jawo shi. Ba ƙarancin ruwan sama ba, zafi. Dusar ƙanƙara tana narkewa da wuri, ƙasa ta buɗe wa rana, tururi ya tafi da rabon kogi.

Injiniyan Ruwa: Gaskiyarka a nan. Bari in ƙara maka harsashi, tunda yau na ɓata wa Malam rai ba na son in ɓata wa kowa da kowa. Kogi ragowa yake ci. Mu ƙaddara, misali kawai, wuri yana samun milimita 1,000 a shekara, rana da tsirrai su ɗauki 800, kogi ya sami 200. In ruwan sama ya ragu zuwa 900, rana da tsirrai ba sa yafe nasu, sai dai su ɗan rage, a ce 770. Kogi ya tashi da 130. Na sama ya ragu da kashi 10, na kogi ya ragu da kashi 35. Birnin Perth na Ostireliya ya ɗanɗana wannan: tun tsakiyar shekarun 1970 ruwan sama ya ragu da ƙasa da kashi 20, amma abin da ke shiga madatsunsu ya faɗi da fiye da rabi, har suka koma tace ruwan teku.

Kogunan da ke rayuwa da ƙanƙarar tsauni kuma nasu yaudara ce. Kogi irin Indus na Pakistan, yayin da ƙanƙarar ke narkewa ruwa zai yi ta zuwa, har a ce an samu. Jari ake ci.

Malamin Daji: Na sha ruwa na huce, na dawo. Injiniya, na yarda turare a ƙasar ciyawa kuskure ne, ni ma ban taɓa son a jera shi a bakin rafi ba. Amma lissafinka ya tsaya a iyakar ƙorama ɗaya. Ruwan da bishiya ta sha ta fitar ta ganye, ina ya tafi? Sama ya koma, iska ta tura shi gaba, ya sake zuba a wani wuri. A Amazon wani babban kaso na ruwan sama daga numfashin dajin kansa yake, har laimar tana kaiwa kudancin Birazil. Ka sare, ƙoramarka ta ƙaru bana, na gaba da kai ya rasa hadari. Wannan ma'auninka na bakin gada ba ya ganinsa.

Injiniyan Ruwa: Ba ya gani, na sallama. Sai dai a lura, wannan a babban daji yake aiki, mai faɗin ƙasashe. Kadada hamsin ba ta kiran hadari.

Mai Jakar Tafiya: To ku dubi Rawayan Kogin nan dai, ya raba muku gardama ko ya ƙara ta. A da yana kwasar laka wajen tan biliyan 1.6 a shekara. Aka yi wa tuddai matakala, aka datse kwazazzabai, aka dasa itatuwa da ciyawa, lakar ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Amma ruwan da ke gangarowa daga tuddan shi ma ya ragu. Kuma abin da ya hana kogin sake yankewa tun wajen 2000 shi ne hukuma ɗaya ta karɓi rabon ruwan, ta ce wa kowane lardi ga iyakarka.

Maman Walida: Wato dai kowa da gaskiyarsa, mu kuma takalmanmu na iyo.

Baban Hanifa: Hajiya kin ba ni dariya. Malama, saura tambaya ɗaya. In ƙasa ta daina sha, ke nan rijiyoyi ma duk ƙasa za su yi?

Malama Ummu Sadik: Yawanci haka ne, Baba, amma ba ko'ina ba, abin ma har da ban haushi ga mai son amsa ɗaya. A kudu maso yammacin Nijar ruwan rijiyoyi hawa ya yi, wajen mita 4 tsakanin shekarun 1960 da 2007, har a cikin shekarun fari. Can ruwan da ya gudu daga faƙo ba kogi yake zuwa ba, tafkuna yake taruwa a kwari, daga gindinsu ya nutse. Ga kuma itatuwa masu doguwar saiwa da ke shan na ƙasa an sare su. Rijiya ta samu, gona ta rasa. Don haka sai an san inda ruwan wuri yake ƙarewa kafin a yi hukunci.

Faƙon kuma yana gyaruwa. Ƙananan ramukan shuka da ake kira zai, waɗanda marigayi Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso, ya shahara da su, da ramuka masu siffar rabin wata, da jera duwatsu a gicciyen gangare, duk hikimarsu ɗaya: a sa ruwa ya tsaya ko na awa ɗaya ne. A zuba taki a ramin, gara ta zo ci, ta huda ɓawon da kanta.

Sarkin Gardama: Ramin zai nawa za a haƙa ya tare hadarin da ya sauke ruwan wata guda a dare ɗaya? Ina nan kan bakana.

Malama Ummu Sadik: Ba zai tare ba. Babban ruwa in ya zo, ko daji sai ya ƙoshi ya saki. Amma rafin Baba ba a babban ruwa kaɗai yake hauka ba, ya ce kowane hadari.

Baban Hanifa: Haka ne kuwa, ko yayyafi mai ɗan ƙarfi. Na yanke shawara. Akwai gada a kan rafin, zan sami fenti in ja layuka a jikin ginshiƙinta, in ajiye gwangwani a fili ina auna na sama. Damina mai zuwa in Allah ya kai mu zan riƙa rubutawa.

Injiniyan Ruwa: Baba ka burge ni. Tazarar santimita 10 tsakanin layuka ta isa. Gwangwanin ya zama mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, a ɗora shi nesa da bango da bishiya. Abin da ya fi komai shi ne agogo: ƙarfe nawa ruwa ya fara, ƙarfe nawa rafin ya kai ƙololuwa, kwana nawa ya yi kafin ya yanke. Ka ɗebi ruwan a kwalba ka ajiye ya kwana, ka auna kaurin lakar da ta kwanta. Kada dai a sauka ƙarƙashin gada in hadari ya haɗu a sama da ku, ko da nan ba a ɗiga ba.

Malamin Daji: Ka kuma bi rafin da ƙafa zuwa sama, Baba, ko rabin yini ne, ka ga abin da ke bakinsa yanzu. Ka ɗauko mana hotuna.

Baban Hanifa: Gwiwar ce sai a hankali, amma zan sa Hanifa da yayanta su raka ni. Injiniya, fentin mai ne zai jure ruwan, ko akwai wanda ya fi shi?